Ragwancin da Baba Ya Ara

Ubana ya yi damina biyu cur yana ƙaryar ragwanci, duk ƙauyenmu muka haɗiye ƙaryar, ni kuwa na fi kowa buɗe baki wajen haɗiya. A lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, ba a daɗe da Turawa suka miƙa mulki ba. Na yi sabon aure, ƙirjina ya buɗe, ina ganin duk namijin da ba zai juya garma daga hantsi zuwa la'asar ba, asarar tuwo kawai ake yi a kansa. Ƙauyen namu yana gefen Dayi, rabinmu masu salla, rabi Maguzawa, amma a gona ba mai tambayar wani inda yake fuskanta in zai roƙi Allah. Inda garmarka ta bi ake dubawa.

Mutanenmu ba su yi boko ba, amma wajen tantance marasa ƙarfi ko likita bai kama ƙafarsu ba. Ba sa zuba su a kwando ɗaya. Akwai kumama, wanda aka haifa ƙashinsa ba ƙwari, iska mai ƙarfi ma sai ta yi shawara da shi kafin ta wuce. Shi ba a zaginsa, ana ba shi korar tsuntsaye a gonar gero, 'ya ce dai ba a ba shi sai an rasa yadda za a yi. Mai raki kuwa jikinsa garau yake, amma in ƙaya ta soke shi sai unguwa uku sun san da maganar. Wanda ya dawo daga gona tiɓis, wannan ba a sa shi a lissafi, abin taƙama ne ma. Na sha ganin ƙarti suna tafe tsaf a hanya, da zarar sun hango mata a bakin rijiya sai su fara jan ƙafa suna nishi. Rauni kuma maganar liman ce ta ranar Juma'a. Zai ce ɗan Adam mai rauni ne, kowa ya gyaɗa kai, har da ƙaton da ke cira buhun gyaɗa shi kaɗai, domin abin da aka raba wa kowa daidai ba ya yi wa kowa zafi.

Kalmomi biyu ne suke da haƙora. Ta farko rago, mutumin da yake iyawa ya ƙi. Wannan zagi ne tsagwaronsa, ana faɗinsa da ƙarfi, ana dariya, yara ma suna iya jefa shi daga bayan danga su ruga. Sai dai rago, duk lalacewarsa, namiji ne. Yana zama a taro, yana yanke magana a gidansa, ba mai taɓa masa rumbu. Ta biyun ba ta yi kama da zagi ba ko kaɗan. A hankali ake faɗinta, a karkata kai, a ce, “Wane ai ya kasa.” Ba dariya a cikinta, amma hukunci ce. A wajenmu duk maigidan da aka ce ya kasa, dattawa za su zauna, a miƙa gandu ga wanda ke bi masa. Gandu shi ne babbar gonar gida da kowa ke nomawa tare a ci tare, kuma mai riƙe da shi ne ke faɗin abin da za a shuka da ranar da za a buɗe rumbu. Wanda ya kasa sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a riƙa dama masa kunu mai ruwa-ruwa.

Wanda ke bin Baba shi ne Baffa, ƙaninsa uba ɗaya. Ba mugu ba ne, kada a ce na yi masa sharri yana kabari. Mutum ne mai fara'a da son shiga mota. In ya je Funtua ya ga tulin auduga a bakin injin gurza, sai ya dawo idonsa na ƙyalli, ya kwana uku yana gaya mana cewa noman dawa aikin mutanen da ne. Burinsa a watsa auduga ko'ina, har gindin katanga. Baba kuwa dawa ce addininsa na biyu. Rumbu uku gare mu, ɗaya ba a buɗe shi sai sabuwar dawa ta shigo gida, ko da sama za ta faɗo. Ina da ƙanne biyar, maza biyu da ba su gama isa garma ba, sai ƙananan mata uku. Baba ya san abin da zai sami wancan rumbu ranar da ya koma hannun Baffa, ya kuma san bakunan da za su fara ji a jikinsu.

Abin da ya faru, wanda sai daga baya Inna, mahaifiyata, ta gaya mini, shi ne da kaka, yana miƙa damin dawa cikin rumbu, hannunsa na hagu ya saki. Ƙafar ma ta ɗan yi nauyi. Bayan kwanaki hannun ya dawo yana motsi, amma ba ya damƙa, ko mazagin wandonsa Inna ce take ɗaure masa kowace safiya. Ba wanda ya sani sai su biyu. Ya yi rani guda yana tunani. Dabararsa ita ce ya ja lokaci har ƙannena maza su kai ƙarfi, sannan ya raba gandu da hannunsa tun yana maigida, ya ware mana rabonmu da rumbunmu. Kafin nan dole a kira shi da ɗaya daga cikin sunayen nan biyu, sai ya zaɓi wanda ba a ƙwace rumbu saboda shi. Ruwan farko na sauka, Baba ya tashi rago.

Ya sa aka ɗinka masa babbar riga mai faɗin hannu, wadda ta haɗiye hannun hagun gaba ɗaya. Ya sayi jaki na hawa. Ranar shuka ya tara mu a ƙofar gida, ya yi hamma doguwa, ya ce, “Ni fa na gaji da wahala. Na haifi masu noma, me zan yi da garma kuma? Ku tahi, ina nan tahe.” Ya zo kuwa, da hantsi, a kan jaki, ya zauna a gindin kaɗanya yana nuna mana aiki da hannun dama. Ranar kasuwa ya koma cikin 'yan dara a gindin ɗorawa, wasan da hannu ɗaya ya ishe shi.

Gaskiya da farko bai iya ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana riga zakara tashi ba ya koyon lalaci a mako guda. Zai kishingiɗa kamar mai barci, sai ka ji daga ƙarƙashin hula an daka tsawa wai shukar wane ta karkace. Akwai wani rago na gado a ƙauyenmu, wanda ubansa ma rago ne, ya taɓa cewa a gaban mutane, “Wannan mutum ɓata mana sana'a yake. Rago na gaskiya ina ruwanshi da shuka ta karkace?” Baba ya ɗauki gyara. Ya koyi miƙa, ya koyi tambayar ko azahar ta yi tun rana ba ta kai tsaka ba, ya koyi cin fura a gaban masu gumi ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Kafin a yi maimai ya zama gwani.

Yanzu in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko tsaki. Ƙauye guda na masana, waɗanda daga tafiyar saniya suke gane tana da ciki, ba wanda ya ce ko ciwo ne. Dalilinmu ɗaya ne, kuma a ganinmu ba ya tashi: marar lafiya ramewa yake yi. Ciwo a wajenmu sai an ga haƙarƙari, an ga ido ya zurma, an ga wuya ya yi tsawo. Baba kuwa da ya bar garma sai ya yi ƙiba, kumatu suka fito, wuyansa ya yi ninki. Ka taɓa ganin marar lafiya da tumbi? Mata a rijiya suka ce daɗin suruka ne ya ratsa shi. Maguzawa suka ce wani ne ya binne masa abu a gona. Liman ya yi wa'azi har sau biyu a kan falalar cin guminka, yana yi yana kallon rufin masallaci don kada a ce da wani yake. Baba na sahun gaba yana gyaɗa kai.

Baffa ya fi kowa jin daɗin zagin, ya kuma fi kowa cizon yatsa. Ya kai ƙara wajen dattawa, suka ce masa, “To, ɗan'uwanka ya lalace, mun gani. Amma tun da muke ba mu taɓa jin an karɓe gandu don ragwanci ba. Shuka tana fita? Tana fita. Rumbu cike yake? Cike yake. Sai haƙuri.” Ya dawo yana huci.

Ni kuma ina ta ƙuna. Ni ne ɗan fari, tsakanina da Baba akwai alkunya irin ta mutanen da. Ba ya kiran sunana, ba ma zama a tabarma ɗaya, in yana da magana sai ya faɗa wa Inna ina tsaye a wurin kamar turmi. Da ɗa na biyu ne ni, wataƙila da ya ja ni gefe ya buɗe mini hannun rigar. Amma al'ada ta hana shi gaya mini, girman kai kuma ya hana ni dubawa. Na taso ina jin makaɗa suna kiran sunansa a gonakin mutane, yau ga shi matata tana dawowa daga rijiya da hawaye wai an ce mata surukar mai jaki. Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Akwai ranakun da na tsane shi.

A damina ta biyu, lokacin huɗa, wani dattijon Bamaguje, abokin Baba tun suna samari, ya kira gayya. Gayya ita ce a taru a yi wa mutum ɗaya aiki a yini guda, shi ya ciyar, makaɗa su zuga. An taru sosai ranar. Tulunan giya a gefe guda don masu sha, ƙoren fura a gefe guda don mu. Muka jeru da garemani, mai gangar noma yana bin bayanmu. Wannan makaɗi bakinsa ya fi lauje kaifi, ba ya ƙyale kowa, wanda ya yi baya ya kaɗa masa, wanda ya tsaya gyara wando ya kaɗa masa. Baba ya iso a kan jakinsa cikin babbar riga, ya sauka ta gefen dama a hankali, ya zauna cikin tsofaffi.

Makaɗi ya bar mu ya nufe shi. Ya ce ga Alhajin da bai ga Makka ba. Ya ce garmar Baba ta gama idda, tana zawarci, ko akwai mai so? Fili ya ɗauki dariya. Baba ya fi kowa dariya, har ya ciro goro ya jefa masa, ya ce, “Ƙara, ɗan nema, ba ka faɗi komai ba tukuna.” Makaɗi ya ga nan ba riba, sai ya juyo kaina. Ina gaban layi a lokacin, na ba na biye da ni tazara. Ya zo daidai kunnena yana kaɗawa, yana tambayar jama'a wai rago ya haifi ingarma, to a wane gida aka aro ƙarfin? A tambayi uwar yaro.

Wasa ne, kowa ya san wasa ne, an yi wa waɗanda suka fi ni sun yi dariya. Amma ni idona ya rufe. Garmar da ke hannuna ta Baba ce, ita nake aiki da ita tun da ya ajiye ta. Na fita daga layi na ratsa gonar har gindin bishiyar da tsofaffi ke zaune, na durƙusa a gabansa, na miƙa masa ita da hannu biyu. Ban taɓa yi masa magana a gaban mutane ba sai ranar.

Na ce, “Baba, kunya ɗaya tak ta huɗa. Ɗaya. Ka rufe masu baki, don girman Allah.”

Ya kalli gefe, ya yi 'yar dariya, ya ce wa tsohon da ke kusa da shi, “Ka ji mani yaro. A wannan rana? Ku gaya mashi na ƙoshi.”

Da na tashi a nan, da shi ke nan. Ban tashi ba. Na ci gaba da durƙuso, hannuwana a miƙe, hawayen takaici na zuba. Shi kuwa makaɗi, da ya ga abin ya zama kallo, sai ya yi abin da ya san yana tayar da manomi. Ya bar zagi, ya juya ganga, ya saki taken Baba, kiɗan da ake yi masa shi kaɗai tun yana saurayi, lokacin da yake gama kunya uku kafin wani ya gama ɗaya. Tsofaffin mata suka rangaɗa guɗa. Na ga yatsun ƙafarsa suna motsi a cikin ƙasa. Damina biyu yana shan zagi kamar ruwa, ko gezau, amma yabo bai yi minti biyu a kunnensa ba ya karya shi.

Ya miƙe. Ba a huɗa da babbar riga, sai ya kama wuyanta da hannun dama ya zare ta ta kai. Nan kowa ya gani. Jiki ya yi ɓul-ɓul, amma hannun hagu ya tsotse ya zama kamar na yaro, yatsun sun lanƙwashe ciki. Ya karɓi garmar, ya ɗora mataccen hannun a kan ƙota, ya gyara shi da ɗayan. Ya kai sara na farko, garma ta murɗe ta kwanta. Ya sake, ta yagi ƙasa kaɗan. A na uku ƙafar hagu ta ƙi zuwa, ya tafi gaba ɗaya ya kifa da fuska a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ganga ta mutu. Mai gayya ne ya fara isa wurinsa, ya ɗaga shi, ya yafa masa rigar, yana share masa laka daga gemu. Sai na ji wata tsohuwa a bayana ta ce, a hankali, da muryar tausayi mai kyau, “Wayyo, bawan Allah. Ashe kasawa ya yi.” Kafin a ɗora shi a kan jaki maganar ta zaga gonar, kowa ya karkata kai ya faɗe ta.

Ba a yi mako ba dattawa suka zauna. Baffa ya yi kuka sosai, kukan gaske kuwa, ya ce da ya sani da bakinsa bai taɓa ɗan'uwansa ba, sannan ya share hawaye ya karɓi gandu. Da rani aka buɗe rumbun da ba a buɗewa, aka loda dawar a mota aka kai kasuwa. Damina ta gaba auduga ta kai har gindin katanga kamar yadda ya daɗe yana mafarki. Audugar ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, sai dai ba a tuƙa ta. A watan da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ƙannena mata suka san ɗanɗanon tafasa da rama ba gari a ciki. Ƙaramarsu ta koyi yin barci da rana don kada ta tambaya.

Ƙauye kuwa ya zama na kirki a dare ɗaya. Bakunan da suka yi damina biyu suna yagar naman Baba suka koma zuma. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, jama'a na ta sintiri. Sannu Baba, ya jiki Baba, kada ka tashi Baba, bari a ɗaga ka. Wanda bai kai shi shekaru ba ma sai ya yi masa magana da ƙarfi a hankali, kamar kunnen ne ya shanye. Liman ya zo ya yi wa'azi a kan haƙuri. 'Yan dara suka fara barinsa yana cinye su, ya gane, ya daina zuwa. In ya ce a bar gefen fadama don dawa, sai a yi murmushi a ce, “To Baba, kai dai ka huta.” Makaɗin ma ya zo da goro ya tsuguna neman gafara. Baba ya dube shi ya ce, “Da kana zagina ka fi mutunci. Tashi ka ba ni wuri.” A cikin wata uku ya zube, haƙarƙari suka fito, ido ya zurma. Mutane suka ce ai ga shi nan, yanzu ciwon ya nuna.

Ni na yi kusan shekara ina zagaya zauren ta ƙofar baya. Ranar da na iya shiga, da la'asar ce, ba kowa sai shi, rana ta shigo ta cinye rabin tabarmarsa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce ya yafe mini. Bai dube ni ba, bango yake kallo.

Ya ce, “Ba kai ka tashe ni ba. Da ƙafata na tashi.”

Daga cikin gida ina jin Inna tana lallashin ƙaramar, tana ce mata an kusa saukewa, alhali ruwa ne kawai a tukunyar.

Ya ce, “Damina ɗaya ta rage mani. Ɗaya. Da ƙannenka sun kai.”

Sai ya ce in ja masa tabarmar zuwa inuwa. Na tallafe shi, ba nauyi ko kaɗan, na gyara masa shimfiɗa, na kwantar da hannun a kan cinyarsa. Na tsaya ina laluben abin da zan faɗa wa mutumin da na yi wa wannan aiki, na duba duk Hausar da na sani ban sami komai ba. Na ji bakina ya ce, “Sannu, Baba.”

Ya rufe ido, ya juya fuskarsa ga bango.